Nkiruka da Lambun Cibiya

A bakin hanyar da tireloli ke bi daga Kakuri zuwa Kudenda akwai wani lambu da ba shi da katanga. Allon da ke bakinsa ya yi tsatsa har ba a iya karanta abin da aka rubuta a jiki, kuma ba wanda ya damu, domin kowa a unguwar Lambun Cibiya yake ce masa. Mangwaro ya fi yawa a ciki, sai gwaiba da kashu da 'yan itatuwan lemo, da wata tsohuwar ɗorawa da aka tarar a wurin tun kafin a gina masaƙa. In ka cire ɗorawar, kowace bishiya tana da mai ita. Matar da zan ba da labarinta, Nkiruka, ita ce mai ta farko.

Mahaifinta, Nnaemeka, ya dawo Kaduna bayan yaƙin basasa, ya samu aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya kama ɗaki a gidan haya. Nan aka haife ta a 1973. A garinsu can Gabas, idan cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, uba yakan binne ta a ƙasar gidansu ya dasa kwakwar manja a kai, bishiyar ta zama ta yaron har ƙarshen ransa. Nnaemeka ba shi da ƙasa a Kaduna, tsakar gidan hayar kuma siminti ne. Ya naɗe cibiyar a ƙyalle ya yi ta yawo da ita a aljihu, har wata Lahadi ya shiga filin da masaƙa ta ware wa ma'aikata don shan iska, ya haƙa rami a bakin hanya, ya binne. Kwakwa ba ta son ƙasar nan, sai ya sa ƙwallon mangwaro, Binta siga.

Abokan aikinsa sun yi ta yi masa tsiya, wai ya shuka 'yarsa yana jiran girbi. Amma duk 'yan haya ne irinsa, kuma duk suna haihuwa. Wani Bajju daga sashen saƙa ya fara kwaikwayonsa, sai Tibi, sai Idoma. Wani Bahaushe mai gadin ƙofa ya je ya tambayi malaminsa. Malamin ya ce binne cibiya ba laifi ba ne, dasa bishiya kuwa sadaka ce. Shi ma ya kawo ta 'yarsa Zainab ya sa kusa da ta Nkiruka. Kafin masaƙu su mutu, filin shan iska ya zama kurmi.

Nkiruka ta tashi tana jin Hausa fiye da Ibo. Ta bar makaranta a aji uku na sakandare, ta koyi aikin lambu a wurin wani tsohon Bagwari da ke kula da furannin ofishin manaja, kuma a wurinsa ta iya auren itace, wato haɗa reshen wata bishiya da gindin wata har su zama jiki ɗaya. Ta auri wani mai sayar da kayan mota a Sabon Tasha, ta haifi Ebuka da ƙannensa biyu. Bayan rikicin shekarar 2000 mijin ya kwashe su zuwa Gabas. Damina ɗaya ta yi a can ta dawo.

Ta taɓa ce mini: "Can ana ce mini Bahaushiya, nan ana ce mini Inyamira. Na ce to, bari in koma inda nake da shaida a ƙasa."

Tun daga nan take zaune a bakin lambun tana sayar da dashe a baƙar leda: mangwaro mai aure, lemo, furanni. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, kullum akwai reza a ƙulle a gefen zaninta.

Ni na zo Kakuri a 1994 da digirina na kimiyyar sinadarai, aka ɗauke ni a ɗakin gwajin launi. Da aka haifi 'yarmu Tracy a 1999, ban ga dalilin binne komai ba. Matata Damaris ce ta matsa. Muka sa mangwaro bakin aku a layin gaba, ta uku daga ta Nkiruka. Da masaƙa ta rufe na koma koyarwa, muka tashi zuwa Unguwar Boro.

Tracy ta rasu a 2021, tana da shekara ashirin da biyu. Sikila ce. Daga nan na daina bin hanyar Kakuri. In zan shiga gari sai in zaga ta Barnawa.

A watan Afrilun shekarar da ta biyo baya, Nkiruka ta sauka daga keke napep a ƙofar gidanmu, ta dire rabin buhu a gabana.

"Baban Tracy, ga kayanku."

"Na me ne, Mama Ebuka?"

"Na bishiyar yarinyarka. Bana ta fi kowa 'ya'ya a layin gaba. Na kori yara, na kori jemagu, na gaji. Ni ba mai gadinka ba ce."

Na ce ta raba wa mutane.

"Ba a raba na wani sai mai shi ya ɗauki na farko. Dokar lambu ce, kai ma ka sani. Ɗauki ɗaya in tafi, mai keke yana jirana."

Na ɗauka. Damaris ta fito, ta wanke ɗaya, ta shiga ɗaki da shi ta rufe ƙofa. Nkiruka ta bi ta da kallo. Sai da ta hau keken ta leƙo da kai.

"Asabar da safe muke shara. Ka zo da tsintsiyarka, ba ma ba da aro."

Haka na shiga Masu Cibiya. Ƙungiya ce da ba ta da shugaba a rubuce, ba ta da hatimi. Akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙa, da waɗanda aka dasa musu bishiyoyin, da makanikan garejin da ke maƙwabtaka da lambun, waɗanda ke barcin rana a inuwarsa, da ogansu Ben. Muna share ganye, muna kwashe bolar da ake zubarwa a ɓoye, muna korar awaki da masu sassaƙe ɓawo don magani. Ɗan itacen da ya faɗo ƙasa na kowa ne. Wanda ke sama sai da izinin mai shi, ko da mai shi yana Legas.

A ƙarshen shekarar nan wani mai tireloli ya sayi tsohon sito na masaƙa da ke bayan lambun. Ciyaman ake ce masa, ban taɓa sanin ciyaman ɗin me ba ne. Daga titi zuwa siton, hanya mafi kusa ita ce ta tsakiyar lambu, abin da ya tare ta kuwa shi ne mangwaro bakwai na layin gaba. In ɗaya ta kau, ƙofa ta buɗe, sauran kuma sai abin da tayar tirela ta bari. Ya zo wata Asabar da fara'a, ya ce in mun yarda zai yi mana kujeru na zamani.

Nkiruka ta jingina tsintsiyarta ta ce, "Oga, ka taɓa ganin an huda cikin mutum, sannan a ce masa ga kujera ya huta?"

Ya tafi ofishin da ke kula da irin waɗannan filaye. Can aka gaya masa abin da aka gaya mana da muka bi sawunsa: a filin shan iska ba a sare bishiya mai rai. Busasshiya ce kawai ake cirewa, in kuma gurbinta ya zauna fili, to ana iya duba maganar hanya.

Wata safiya a watan Fabrairun 2023 aka wayi gari an zagaye duka bakwai ɗin da adda. An ɓare ɓawon kowace, faɗin tafin hannu, daidai gwiwar mutum, farin itace a waje. Ban ga wanda ya yi ba, don haka ba zan kama sunan kowa ba.

Nkiruka ba ta nan da safen, ta tafi hanyar Kachia sayen taki. Makanikai ne suka fara gani. A garejin Ben kuwa baƙin mai magani ne: na tsatsa, na gara, na ƙurjin ƙafa, na kaskar kare. Suka ɗauko galan cike. Don girmamawa suka fara da ta Nkiruka, suka shafe ciwon kakkaura, suka juye sauran a gindi don saiwa ma ta samu. Ni da ita kusan tare muka iso, lokacin sun ɗauko galan na biyu sun nufi ta Zainab.

"Ben! Me kake zuba mata?"

"Magani, Madam. Da bishiyarki muka fara, ke ce babba."

Ta dubi gindin bishiyarta, ƙasar ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli. Ta dubi Ben, hannunsa duk mai har gwiwa, yana haki. Na ga ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

"Allah ya saka. Ya isa haka, kada man ya ƙare muku. Ku kawo mini ruwa da sabulu da shebur."

Ta yini tana wanke ciwon, ni ina kwashe ƙasar da man ya jiƙa. Ya riga ya nutse. Na san abin da baƙin mai ke yi wa saiwa, ita ma ta sani. Da la'asar ta matso kusa da ni ta rage murya.

"In ka faɗa wa Ben, ni da kai ne. Mutumin da ya bar mota a kan jak ya rugo ceton bishiya, ba a ce masa shi ya ƙarasa ta."

Bishiyar da aka zagaye ba ta mutuwa nan take. Ruwa ta cikin itace yake hawa, don haka ganye yakan zauna kore. Abincin da ganye ke haɗawa ne yake bi ta ƙarƙashin ɓawo ya sauka, in an yanke wannan hanya sai saiwa ta mutu da yunwa a hankali, cikin shekara guda ko ɗan fiye. Wanda ya sa aka yi aikin ya san haka. Ciyaman ya koma ofis ya ce bishiyoyin bakin titi sun kamu da ciwo, za su faɗo wa mutane. Jami'ar da aka turo ta duba, ta ga ganye kore, ta ce za ta dawo ƙarshen rani mai zuwa. Wadda ta mutu a lokacin za a cire.

Da na yi wa 'yan ƙungiya wannan bayani, Nkiruka ce ta yi magana.

"To in uwa ba ta iya cin abinci, ba sai 'ya'ya su ba ta a baki ba?"

Da ruwan farko ya sauka ta kwaso dashenta mafi ƙarfi, waɗanda suka kai ƙirjin mutum, waɗanda ta rena don kasuwar damina. Ta dasa hurhuɗu kewaye da kowace bishiya. Da suka kama ƙasa, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: ta fere kan dashen da reza a karkace, ta tsaga ɓawon uwar a saman ciwon, ta cusa kan a ciki, ta ɗaure da robar tayar da Ben ya yanka mata siri-siri, ta toshe da kakin zuma. In auren ya kama, abincin uwar zai bi ta jikin dashen ya tsallake ciwon, tsohuwar bishiya ta samu sababbin saiwoyi. Masu saye sun zo neman dashe a daminar nan, ta ce musu an aurar da su duka, su dawo baɗi.

Damina ba ta da wuya. Rani ne abin tsoro. Famfon lambun ya mutu tare da masaƙa, ruwa sai daga rijiyar gareji, a jarka, mu kuma yawancinmu gwiwa ta fara ciwo. Na kawo shawarar a raba kwanaki a tsakaninmu. Nkiruka ta girgiza kai.

"Baban Tracy, mutum ba ya ɗaukar jarka don bishiyar jama'a. Sati biyu zai yi ya tuna yana da ciwon baya. Don ɗansa yake ɗauka."

Ta shiga kasuwar Kakuri, ta shiga taron zumuntar mata, ta tsaya a ƙofar ɗakin awon ciki. Abu ɗaya take faɗa: duk wadda ta haihu, in cibiya ta faɗi kada ta yar, ta kawo, akwai bishiya kyauta cikin dashen da ke kewaye da bakwai ɗin, ruwa kawai za ta riƙa ba ta. An daɗe ba a binne sabuwar cibiya a lambun ba, yaran yanzu ma ba su san asalin sunan ba. Wani matashin fasto ya tare ta ya ce abin yana kama da tsafi.

"Fasto," in ji ta, "taka tana can bayan ɗorawa. Gwaiba ce, gara na cinta. Ka zo ka yi mata addu'a, ka taho da jarka."

Ya zo. Mata suka fara zuwa da ƙulli a bakin zani, maza na biye da su suna kunya. Nkiruka ke nuna wa uba inda zai haƙa, a gefe, don kada ya taɓa saiwar dashen.

Sai wata rana ta ce in kai ta Tudun Wada a motata. Zainab take nema, ƙawarta ta ƙuruciya, mai bishiya ta biyu a layin gaba. Iyalinsu sun bar Kakuri a rikicin 2000, kamar yadda wasu suka baro can suka dawo nan, kogi ya raba gari biyu. Sukan haɗu a kasuwa jefi-jefi, amma Zainab ba ta sake taka Kakuri ba. Nkiruka ta ji labarin 'yarta ta haihu.

Muka same ta a zaure tana kan keken ɗinki. Ta ɗago ta saki baki.

"Nkiru! Wace iska ce ta kwaso ki?"

"Wadda ta ƙi kwaso ki. Zainabu, an yanka mangwaronki. Nawa ma an yanka."

Zainab ta tsayar da keken. Nkiruka ta ba ta labari tun daga Ciyaman har jarka, ta tsallake baƙin mai.

"Kin san ba na tsallaka gadar nan," in ji Zainab.

"Na ce ki kwana ne? Ki zo ki binne ta jikarki ki koma."

"Ke ba ki ga abin da na gani ba ranar da muka fito."

"Na gani. Ina tsaye a ƙofarmu kuka wuce, ke da buta a hannu, ko takalmi babu." Ta ƙara da cewa, "Babanki sai da ya tambayi malami kafin ya dasa ki. Ke wa za ki tambaya kafin ki bari a sare ki?"

Zainab ta koma kan ɗinkinta. Muka yi sallama ba ta ɗago ba. A mota Nkiruka ta ce, "Za ta zo. Haka take yi tun muna 'yan gaɗa, sai ta yi fushi take yarda."

Asabar ta zo, da hijabi ruwan toka da ɗan ƙulli a hankici. Ta daɗe a tsaye a bakin titi kafin ta shigo. Ta dafa bishiyarta, ta zaga ta, sannan ta wuce ga ta Nkiruka ta ɗaga kai tana duban ganyen da ya fara yin rawaya.

"Tawa za ta tashi, na ga alama. Taki ce ke neman jika. A haƙa nan."

Haka aka yi dashen huɗu da ke kewaye da bishiyar Nkiruka suka samu masu su: jikar Zainab, da ɗan autan Ben, Kamsiyochukwu, da tagwayen wata Bagwariya mai sayar da doya, Lizzy.

Rani ya zo, ba a rasa ruwa ba. Da safe za ka ga mata da goyo suna layi a rijiyar gareji, makanikai na ja musu guga suna ƙorafi. Zainab na zuwa duk Asabar, keke biyu take hawa, tana canzawa a bakin gada. A bishiyoyi shida auren ya kama. Dashen suka yi kauri, suka manne da uwayensu har robar ta fara nutsewa a ɓawo aka kwance ta. Ta Tracy ta fitar da sabon ganye ja. Yara huɗu ne a gindinta waɗanda ban san iyayensu ba a da. Yanzu na san sunayensu duka, na san wanda ya fara haƙori.

Ta Nkiruka ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ɓawon saman ciwon ya bushe ya ɗaye. Kafin Kirsimeti ganye ya gama zuba. Wata safiya na same ta tana kwance ɗaurin, tana zare kawunan dashen daga jikin uwar a hankali, tana kafa wa kowane sanda ya tsaya da kansa. Na tsaya zan yi magana.

"Riƙe mini wannan," ta ce. Na riƙe.

Jami'ar ta dawo a watan Maris na 2024. Ciyaman ya zo da ita, da wani saurayi mai injin yanka itace, Tony, ɗan unguwa ne, tasa gwaibar tana can cikin lambu. Ba mu yi gayya ba, amma kowace uwa ta zo ta tsaya kusa da dashen ɗanta. Jami'ar ta bi layin tana kankare ɓawo da makullin mota. Kore, kore, har shida. Ta zo ta bakwai ta kankare, ta sake kankarewa a wani gefen.

"Wannan ta mutu."

Ben ya yunƙuro zai yi gardama. Nkiruka ta riga shi.

"Ta mutu."

"Shi ke nan," in ji Ciyaman. "Tony, tayar da inji."

"Dakata," in ji Nkiruka, ta juya ga jami'ar. "Madam, don Allah maimaita mana dokar, tsufa ya fara taɓa mini kunne."

"Busasshiya a cire. Mai rai ba a taɓa ta."

"Waɗannan huɗun fa?"

Jami'ar ta sunkuya ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Sun kai kafaɗar mutum, ganye shar.

"Suna da rai."

"Haba, Madam!" in ji Ciyaman. "Waɗannan ai tsinken tsire ne. Bishiya ake magana."

"Dokar ta faɗi girma?" Nkiruka ta tambaya.

Jami'ar ta yi ɗan tunani. "Ba ta faɗa ba."

Tony ya zaga bishiyar da injinsa a kafaɗa. Duk gefen da zai kayar da ita akwai dashe, a bayan kowane dashe kuma akwai mace da goyo tana kallonsa. Lizzy ta gyara tsayuwa, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa.

"Tony ɗan Vicky," in ji Nkiruka, "ni na riƙe ka ranar da ubanka ke haƙa ramin gwaibarka, har ka yi mini fitsari a sabon zani. Sare ta, aikinka ne, ban hana ka cin abinci ba. Amma daga sama, reshe-reshe, da igiya. Ganye ɗaya ya faɗi daga jikin yaran nan, uwarka za ta ji kafin ka isa gida."

Tony ya sosa ƙeya. "Oga, wannan fa aikin yini ne."

"Yini nake da shi," in ji Nkiruka.

Ya hau. Makanikai suka ɗauko igiyar da suke sauke inji da ita daga mota. Duk reshen da Tony ya yanka, Ben ke ba da umarni a sassauta, a ja hagu, a dire a titi. An kawo wa Nkiruka benci ta ƙi zama. Ta tsaya tun hantsi har rana ta karkata, hannu a ƙugu, garin katako na zubo mata a ɗankwali, tana kallon bishiyar da ubanta ya shuka tana raguwa. Zainab na tsaye a gefenta. 

Da aka zo gindi Tony ya kashe inji. Tumɓuke kututturen zai tsinke saiwoyin dashen, jami'ar ta ce a bar shi. Ta duba tsakanin huɗun, inda ko baro sai an karkata shi zai wuce, ta ce ita ba ta ga fili ba, ta shiga motarta.

Ciyaman ya tako har gaban Nkiruka. Ba ihu ya yi ba, kamar da gaske yake son ya sani.

"Madam, ke da ba 'yar garin nan ba, me ya yi miki zafi haka? Taki ma ga shi ta mutu."

Ta kaɗe garin katakon daga kan kututturen da gefen zani, ta zauna.

"Sama aka sare. Abin da ubana ya binne yana ƙasa, ga ni zaune a kai. In hanya kake so, da ni za ka fara."

"Da mu," in ji Zainab, ta ture ta da ƙugu. "Matsa mini, ƙafata ta gaji."

Tirelolinsa yanzu ta baya suke zagawa, ta wajen Kudenda. Tony ya tsaga manyan rassan ya yi mana benci uku bai karɓi komai ba, kujerun da aka yi mana alkawari mun samu ba tare da mai alkawarin ba. Ben har yau yakan tsaya a gaban kututturen ya ce da an bar su sun ƙara man, da wataƙila ta tashi. Nkiruka takan ce, "Wataƙila." Bana Damaris ce ta tsinki na farko a bishiyar Tracy, da hannunta, sannan aka raba.

Nkiruka ta dawo da ledojin dashenta gindin kututturen, nan take zama. Huɗun sun wuce kanta, sun fara yi mata inuwa. Asabar da ta wuce Lizzy ta zo da gudu ta ce ta ga wasu mutane da igiyar awo a bayan ɗorawa, suna kafa turaku. Aka ajiye tsintsiya ana duban juna. Nkiruka ta gama ɗaure reshen da ke hannunta, ta goge rezar ta mayar gefen zani, ta miƙe.

"Su auna," ta ce. "Ledoji cike suke da dashe, mata kuma ba su daina haihuwa ba. Ben, ɗauko shebur."